Manhajar da Na Kai Karar Mai'adua

Akwai wani dattijo, dillalin shanu a karar Mai'adua, da na yi kusan shekara guda ina kauce wa hanyarsa. Aminin mahaifina ne tun suna samari, Baba nake ce masa, kuma bai taɓa gaya mini magana mai zafi ba. Kunyarsa nake ji. In na hango shi wurin ɗaurin aure ko jana'iza a cikin Daura, sai in durƙusa in gaishe shi a gurguje, in sulale tun hira ba ta yi nisa ba. Abin da ya shiga tsakaninmu binciken digirina na biyu ne, da wata manhajar waya da na ƙera a shekarar 2018, wadda na yi imani za ta gyara wa su Baba sana'ar da suka gada kaka da kakanni.

A Daura aka haife ni, a nan na yi firamare da sakandare, na tafi jami'a na karanci ilimin kwamfuta. Lokacin da na koma karatu karo na biyu, kaina cike yake da tunani guda: mutanenmu suna cikin wahala ne don ba su da labari, kuma waya za ta kawo musu labarin. Ba daga sama na tsinto wannan tunani ba. Na karanta binciken wata masaniyar tattalin arziki 'yar Amurka, Jenny Aker, wanda ya fito a 2010. Ta bi diddigin kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar tsakanin 2001 da 2006, shekarun da layin salula ke shiga gari bayan gari, ta gano cewa tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 a inda waya ta isa. Ɗan kasuwa ya daina ɗaukar kaya ya tafi a makance, sai ya kira ya ji tukuna. Binciken ya burge ni ƙwarai, kuma har yau ina ganin ƙimarsa. Laifin nawa ne da na karanta shi da gaggawa. Na ce a raina, in kira kawai ya yi wa gero wannan aiki, ina ga manhaja sukutum ga shanu da tumaki?

Sai na zauna na rubuta takardar neman amincewa da bincike. A cikinta na ce makiyayi ba ya samun haƙƙin guminsa saboda dillalai suna ɓoye farashi, kuma burin aikina shi ne mai dabba da mai saye su haɗu kai tsaye, ba tare da kowa a tsakani ba. Da Turanci na rubuta, Turancin kuma ya sa maganar ta yi laushi a kunnena, har ban ji nauyinta ba. Amma in aka juye ta da Hausa, cewa na yi dillali cuta ne a kasuwa, ni kuma na zo da magani.

Ga babban laifin da nake son in faɗa da bakina. Da lokacin shiga kasuwa ya yi, ban san kowa a kara ba sai Baba. Wurinsa na je. Na ce masa makaranta ce ta ba ni aiki a kan yadda ake cinikin dabbobi da waya, ina neman ya shigar da ni cikin mutanensa. Ban gaya masa abin da na rubuta ba. Na sani sarai in na faɗa ba zai ji daɗi ba, shi ya sa na yi shiru, na kuma lallashi zuciyata cewa ai wannan dabarar bincike ce. Ya yi murna, ya sa mini albarka, ya ce ɗan wane ya zama mutum. Ranar kasuwa ya riƙe hannuna, ya zagaya da ni rumfa rumfa, yana cewa, "Ɗana ne, ku ba shi abin da yake nema."

Suka kuwa ba ni. Na tafi da takardun tambayoyi, kowace tambaya da akwatunanta na e ko a'a. Kana da waya? E. Kana so ka riƙa ganin farashin dabbobi a wayarka? E. In aka kawo manhaja za ka yi aiki da ita? E, me zai hana. Na dawo gida da takardu cike da e, na zuba su a kwamfuta, ta fitar mini da zane mai kyau. Ban tsaya na tambayi kaina ba, wane Bahaushe ne za a kawo masa ɗan aminin babban dillali, ya tsaya gabansa da biro da takarda, ya ce masa a'a? Kara suka yi mini, ni kuma na ƙirga karar a matsayin hujja.

Wata huɗu na yi ina ƙera manhajar, dare da rana. In ka buɗe ta, za ta nemi sunanka da lambar wayarka da kalmar sirri. Daga nan sai ka zaɓi irin dabba, ka rubuta shekarunta, ka rubuta nauyinta da kilo, ka sa farashi da naira, ka ɗora hoto. Duk wanda ke da manhajar, ko a Legas yake, zai gani. Da Turanci na fara yin ta, daga baya na fassara maɓallan zuwa Hausa, ina ganin na yi wa mutane gata. Ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, lokacin da kara ke batsewa da raguna, na sa wa mutum goma sha biyu ita a wayoyinsu, na saya musu data daga aljihuna.

Bayan mako uku na duba. Duk dabbar da ke cikin manhajar, ni na shigar da ita ranar gwaji.

Na ji haushi, kuma haushin bai sa na zargi kaina ba ko na minti ɗaya. Na fara rubuta babi a kan dalilan gazawa, na jera ƙarancin ilimi, da tsoron sabon abu, da son zuciyar dillalai. Har na faɗi haka da baki a gaban ɗan kawuna, wanda shi ne ya taya ni sa manhajar a wayoyin mutane. Ya kamata in faɗi wani abu a kansa. Ƙanena ne, na girme shi da shekara shida, ya bar makaranta bai gama sakandare ba. Yana da rumfar caji a bakin kara: ƙaramin janareta, faifan sola guda, allon katako mai ramukan soket, da tsohuwar kwamfuta da yake tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi da karatu. A cikin dangi, in ana lissafin waɗanda suka lalace, yana ciki, kuma ina daga masu lissafin. A takardun bincikena babu sunansa ko a shafin godiya. Ɗan aike na ɗauke shi.

Wata ranar kasuwa na je da niyyar bin mutanen nan goma sha biyu in ji uzurinsu, sai ruwa ya tsuge. Damina ce ta yi nisa. Na fake a rumfarsa, ruwan kuma ya ƙi tsayawa, ga babura sun ƙi fita. Kusan awa uku na yi zaune a kan benci, babu abin yi sai kallo. Shi ne karo na farko da na zauna a kasuwar nan ba tare da takarda a hannuna ba.

Na fara lura da wayoyin da ke kan allo, sun fi hamsin. Kowace ya manna mata 'yar takarda mai lamba, mai waya kuma ya tafi da kwali mai irin lambar. Wasu wayoyin ba mai su ne ya kawo ba, yaro ne ko maƙwabci, kuma in an kira, shi ɗan kawun nawa yakan ɗauka ya ce mai ita yana cikin kara, a sake kira bayan la'asar. Nan na tuna da kalmar sirrin da na tilasta. Na ƙera abin ne don mutum ɗaya mai waya ɗaya da ba ta barin aljihunsa, alhali a nan waya tana wucewa ta hannu uku ko huɗu kafin rana ta faɗi.

Wani Bafillace ya shigo da sandarsa, jikinsa sharkaf, ya miƙa wata ƙaramar itel da 'yar takarda mai lamba, ya ce a ajiye masa. Na zuba ido in ga sunan da za a rubuta. Ba a rubuta suna ba. Ɗan kawuna ya tambaye shi, "Wannan na wane ne?" Ya ce na mai motar da ke ɗaukar musu dabbobi. Sai ya sa taurari uku a gurbin suna, ya nuna masa, ya ce, "Tauraro ɗaya gida, biyu dillalinka, uku mai mota." Mutumin ya gyaɗa kai, ya maimaita, ya fita. Daga baya na fahimci kowane irin wannan mutum yana da nasa jerin alamomi, kuma yaron nan yana riƙe da su a ka.

Can sai ga yaron wani dillali da babbar waya, yana so a tura bidiyo ta WhatsApp zuwa ga wani mai saye a Kudu, don a rumfar ne sabis ya fi kamawa. Na roƙa na kalla. An zagaya da bajimi a hankali, an nuna tozonsa da gindinsa da ƙafafunsa, an sa shi ya yi tafiya, an buɗe bakinsa an nuna haƙora. Daga ƙarshe dillalin da kansa ya shigo cikin hoton, ya dafa bajimin, ya yi sallama, ya ambaci garin da aka kawo shi. Ba a faɗi kuɗi ba. Na tambayi yaron, ina farashin? Ya dube ni da mamaki, ya ce ai wannan sai sun yi magana baki da baki. Ba wanda ya ambaci kilo. A kara ba a auna sa a sikeli, ido ne da hannu da shekarun gogewa. Ni kuwa na sa akwatin kilo, na ma hana manhajar wucewa gaba in ba a cike shi ba.

Haka abubuwa suka yi ta wucewa a gabana. Wani ya zo a sauya masa layi, domin wayarsa mai sim biyu ce, ɗaya na Najeriya ɗaya na Nijar, tunda iyakar Kongolam ga ta nan kusa, kuma rabin hulɗarsa da mutanen Matamaye da Damagaram ne. Wani wayarsa ta yi ƙara sau ɗaya ta katse, bai ko duba ba ya ce, "An gama lodi." Filashin ɗaya ma'anarsa daban, biyu daban, kuma ko sisi bai fita ba. Na ji ana lissafi da jaka, sai na tuna cewa a bakin mutumin Nijar jaka sefa 1,000 ce, dala kuma sefa 5, alhali a bakin tsofaffinmu jaka naira 200 ce. A wannan kasuwa kuɗi biyu ke yawo, da 'yan canji a tsakani, kowa kuma ya san da wace jaka ake magana daga jin bakin mai magana. Manhajata naira kaɗai ta sani.

Ko turin da yake yi wa mutane a katin memori ba a hargitse yake ba. A kwamfutarsa ya kasa komai gida gida: na direbobin tirela, na mahauta, na makiyaya, na matan aure da ake aiko yara, na almajirai. Ya san wa ke son Shata, wa ke son wa'azi, wa ke son fassarar Indiya, wa zai ɓata rai in ya tarar da waƙa a cikin katinsa. Abin da nake ta fafutukar yi da takardun tambayoyi, wato sanin su wane ne mutanen nan da abin da suke so, shi ya gama shi tuntuni, yana kuma gyara shi kowace ranar kasuwa.

Da ruwa ya fara tsagaitawa, na tambaye shi, murya ƙasa ƙasa, ko ya san abin da ya sa mutane ba su taɓa manhajar ba. Ya ɗan yi jim, yana naɗe wayar caja a hannu. Ya ce, "Yaya, gaskiya ni na goge ta a wayar mutum bakwai. Su suka ce in cire, tana cinye musu wuri, bidiyon shanu ba ya shiga." Na ce, to me ya hana ka gaya mini? Ya ce, "Ba ka tambaye ni ba, Yaya. Kuma ranar da ka ce jahilci ne, sai na ga ka riga ka samu amsarka."

Ban iya ce masa komai ba. Na ji zufa tana keto mini duk da sanyin ruwan. Ba gazawar manhajar ce ta fi yi mini ciwo ba a lokacin, domin manhaja takan gaza. Abin da ya tsaya mini a ƙirji shi ne wata biyar ina zuwa rumfar nan, ina ajiye jakata, ina shan ruwansa, ina aikensa, ban taɓa ganin cewa a gaban malami nake ba. Ɗan hakin da na raina ne, a cikin gidanmu.

Ban gama farfaɗowa daga wannan ba, bayan kwana biyu Baba ya aiko in same shi gida bayan isha'i. Na tarar da shi a zaure kan buzu. Ashe na manta kwafin takardar nan tawa ta neman amincewa a cikin wata jaka da na bari a gidansa, ɗansa da ke makarantar gaba da sakandare ya gani, ya karanta masa, ya fassara. Tun kafin Sallah ya sani. Duk zagayen da ya ci gaba da yi da ni, da sani ya yi.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "An ce ka rubuta mu ne ke tsakanin makiyayi da arzikinsa." Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Akwai masu yin haka a cikinmu, ba zan rantse wa kowa ba. Amma ina da tambaya. Wannan abin naka, in mutum ya sa hoton saniya, wani ya saya ya kai Ibadan, bayan kwana goma mai ita na gaskiya ya bayyana ya ce sato ta aka yi, wa za a kama?" Na ce ban yi tunanin wannan ba. Ya ce, "Ni ake kamawa. Shi ya sa nake sa fuskata." Ya ci gaba da lissafa mini abin da la'adarsa ke biya. Baƙon da ya kwana a zaurensa ya ci tuwonsa. Bashin da ake ɗaukar shanu a kai, a tafi da su Kudu, kuɗi su dawo bayan mako biyu, ba takarda ba sa hannu, sai don shi ya tsaya. Rigimar da ake kashewa a rumfa ba ta kai ga hukuma ba. Game da farashi kuwa ya ce, mutum yakan sayar da sansa don matarsa na asibiti ko don bashi ya taso shi, ya sallama a ƙasa da ƙima, kuma ba ya son duniya ta ji. "Kai kuma ka ce a rubuta a allo kowa ya gani. Tayi da albarka da sallama, ai sutura ce."

Sai ya sa hannu a aljihun 'yar cikinsa, ya ciro wani ƙaramin littafi da ya sha jiki, ya buɗe mini a gaban fitila. Shafi bayan shafi, rubutun ajami ne tsaf: sunaye, garuruwa, adadin kai, abin da aka biya, abin da ya saura. Na gane littafin nan ya fi duk abin da na tara a kwamfuta daraja. Na kuma tuna takardar tambayoyin da na cike a kansa da hannuna. A layin ilimi na ba da zaɓi huɗu: firamare, sakandare, gaba da sakandare, babu. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani tun ba a haife ni ba, yake riƙe da lissafin miliyoyi da alƙalaminsa, na sa masa alama a kan babu.

Daga wannan dare ne na fara gudunsa. Na koma makaranta na gaya wa malamin da ke duba aikina gaskiya, ya saurare ni, ya ce in je in yi karatu kafin in sake taɓa kwamfuta. Abin da na tarar a karatun ya ƙara mini kunya, domin kusan duk abin da Baba ya gaya mini a zaure yana rubuce tun 1969. A shekarar ne Abner Cohen ya fitar da littafinsa a kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, inda ya bayyana yadda masu gida ke saukar da fataken shanu daga Arewa, su tsaya musu a kan bashin da mahautan Yarabawa ke ɗauka, harkar gaba ɗaya tana tafiya a kan amana da sanin juna. Ban taɓa buɗe shi ba, don a ganina ɗan kwamfuta ba shi da haɗi da littafin nazarin al'umma.

Akwai fage guda na ilimi, ashe, da aikinsa ke nan: nazarin yadda rukunin mutane masu al'adarsu a cikin babbar al'ada, masu yarensu da dokokinsu da abin kunyarsu, suke karɓar na'ura su lanƙwasa ta, da yadda masu ƙira ke tuna su ko su manta da su. 'Yan kara irin wannan rukuni ne, haka 'yan acaba, da mahauta, da 'yan tauri, da masu gyaran waya. Wadda ta fi taɓa ni a cikin masanan ita ce Madeleine Akrich, Bafaranshiya, a wata maƙala ta 1992. Ta ce duk mai ƙera abu yana rubuta wa mai amfani da shi rawar da zai taka, kamar yadda ake rubuta wa ɗan wasa, ya cusa rubutun a cikin jikin abin. Ta kawo misalin wata fitilar sola da aka ƙera a Faransa don ƙasashe masu tasowa. Wayoyinta an yanke musu tsawo ba a ƙarawa, mahaɗanta ba irin na kasuwa ba ne, duk don kada mai ita ko makanikin gari ya taɓa. Masu ƙirar sun yi haka ne don kare na'urar, amma sai ya zama sun ɗaure hannun mutanen da aka yi ta dominsu. Da na karanta, na koma na buɗe manhajata, na tambayi kaina wane mutum na rubuta a cikinta. Mai waya ɗaya, mai karatun boko, mai data kullum, mai tunani da kilo da naira, wanda bai damu kowa ya san nawa ya sayar ba, wanda kuma ba ya bukatar kowa ya tsaya masa. Ni ne. Kaina na ƙera wa manhaja na kai wa su Baba.

Na karanta Ronald Kline da Trevor Pinch, 1996, a kan manoman Amurka na farkon zamanin mota, waɗanda sukan ɗage ƙafar baya, su ɗaura bel, su juya injin ɓarzar masara ko famfon ruwa da ita, abin da kamfani bai taɓa nufa ba. Na karanta Jonathan Donner, 2007, wanda ya zauna ya nazarci dokokin filashin, har da wa ya kamata ya yi wa wa. Sannan Brian Larkin, da ya yi zaman bincike a Kano, ya nuna a littafinsa na 2008 yadda hanyoyin masu kwafar kaset na Ƙofar Wambai suka zama titin da finafinan Hausa suka hau suka bazu. A gida kuma ga Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, da ya shafe shekaru yana ɗaukar finafinai da waƙoƙi da littattafan matasan Hausa da muhimmanci, lokacin da da yawa ke ganin ba abin nazari ba ne. Kowannensu ya fara ne da zama da kallo. Har binciken Aker da na fake da shi, da na sake karantawa a natse, sai na ga ba wanda ya ƙera wa 'yan kasuwar Nijar komai. Waya ce kawai ta zo, su suka san wanda za su kira. Kuma buhun gero kusan ɗaya yake da ɗan'uwansa, saniya kuwa kowace da halinta.

Ba ina cewa komai na kara daidai yake ba. Na ga makiyayin da aka danne, na ga la'adar da aka ci ta fuska biyu, kuma har yanzu ina ganin mai dabba ya cancanci ya fi haka sanin abin da ke gudana. Amma wanda zai taɓa wannan sai ya fara sanin wane ginshiƙi ne ke riƙe da rufin. Kuma zargin da na yi musu na tsoron sabon abu, lokaci ya ƙaryata ni a gaban idona. Da aka rufe iyakoki a watan Agusta na 2019, da kuma farkon 2023 da takardun naira suka yi ƙaranci bayan sauyin kuɗi, mutanen nan da na kira masu gudun zamani sun koma tiransifa da POS cikin 'yan makonni, don a wannan karon abin ya amsa wata bukata tasu. Ɗan kawuna na daga waɗanda suka fara ajiye na'urar a rumfa, dillalai kuma suka yarda da shi, saboda shekarun da ya yi yana riƙe musu wayoyi ko ɗaya ba ta ɓata ba.

Yanzu Daura tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Sufuri. Ina murna da su. Ina kuma tunanin ɗaliban da za su fito da takardun tambayoyi su nufi tasha da kasuwa da majalisar 'yan acaba, cike da kyakkyawar niyya irin wadda na fita da ita. In ɗayansu ya zo wurina, labarin rumfar caji nake fara ba shi.

Na sake rubuta kundin daga tushe, abin ya ci mini ƙarin shekara. Manhajar ta koma babi guda, babin abin da na yi ba daidai ba. Na nemi izinin ɗan kawuna na sa shi a matsayin abokin aiki, na karanta masa duk inda na ambace shi da Hausa, ya gyara mini wurare uku. Saura Baba. Sai da mahaifina ya lura, ya ce mini gudun ya isa haka, sannan na tattara ƙarfin hali na je. Na durƙusa a zauren nan na ce, "Baba, na ci amanarka, na shiga inuwarka da wuƙa a ɓoye. Ka yafe mini." Ya ce ya yafe tun daren da muka yi magana, abin da ya dame shi kawai shi ne na daina zuwa. Sai ya ce in har yanzu ina son sanin kara, in zo ranar kasuwa da sassafe, in zauna kusa da shi, kada in yi tambaya sai an tashi.

Na je. Na zauna a gefen tabarmarsa da ɗan littafina. Wajen hantsi wani mutum ya jawo karsana, fuskarsa duk damuwa, ya raɗa wa Baba magana a kunne. Baba ya tashi, ya zagaya dabbar, ya kira wani mai saye gefe, suka yi ƙus ƙus, aka yi tayi, aka ce albarka, aka ƙara, aka sallama. Na ji adadin, don ina kusa. Na ɗaga biro. Baba ya dawo ya zauna, ya dafa gwiwata, bai ko dube ni ba ya ce, "Wannan kar ka rubuta." Na rufe littafin na sa a aljihu.